Daga kwano zuwa sikeli: awon shinkafata na wata uku

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina dafa abincin biki da na suna a Kano, ban taɓa sanin nauyin shinkafar da nake zubawa a tukunya ba. Kwano nake ƙirgawa. Roba 200, kwano tara. Haka Goggo ta koya min, haka nake yi, kuma yana fita daidai.

Sai bikin ƙarshen Disamba. A gidan amarya muka yi girkin, na manta kwanona a gida, aka ɗauko min nasu. A ido babu bambanci, irin farin kwanon nan ne mai bakin shuɗi. Na auna tara, muka dafa, muka fara zubawa. Muna kan roba ta 171 ludayi ya taɓa ƙanzo. Mata cike da tsakar gida, uwar amarya tsaye a kaina tana tambaya ko da wata tukunyar a baya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da gudu aka sayo taliya aka cike gurbin, amma maganar ta riga ta fita, an ce mai girki ta rage shinkafa ta kai gida.

Jiya na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo sikelin kicin mai batir, wanda yake ɗaukar har kilo 10. Naira 8,500, batir biyu 600. Niyyata kafin azumi duk abin da nake aunawa da kwano da gwangwani in san shi da kilo, in rubuta, ta yadda ko ba na nan yaran da ke taya ni aiki za su dafa ya fito iri ɗaya.

Litinin, 6 ga Janairu

Kafin in yarda da sikelin sai da na gwada shi. Na ɗora ledar taliya da aka rubuta giram 500 a jikinta, ya nuna 503, da nauyin leda ke nan. Na cika gorar ruwa mai lita ɗaya na juye a roba, ya nuna 998. Ruwa dai lita ɗaya kilo ɗaya ne, saboda haka na gamsu.

Akwai maballin da aka rubuta TARE a kansa. Ka ɗora roba babu komai, ka danna, ya koma sifili, sannan ka zuba shinkafa. Na yi kusan rabin awa ina cire nauyin roba da biro kafin ɗana ɗan aji biyar ya zo ya danna min shi, ya wuce abinsa.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau na auna kwanona. Shinkafa 'yar gwamnati, da tozo kamar yadda na saba: kilo 2 da giram 650. Na maimaita sau biyar, mafi ƙaranci 2 da 610, mafi yawa 2 da 690. A shafe kuma, wato na bi bakin da bayan wuƙa, kilo 2 da giram 280 kacal. Ashe tozon nan kaɗai ya kusa giram 400, abincin mutum uku.

Na aika aka aro min kwanon gidan bikin nan, na ce zan duba wani abu. Da tozo ya ba ni kilo 2 da giram 250. Da na kife su gefe da gefe sai na ga gindinsa ya lotsa ciki, bakinsa ma bai kai nawa faɗi ba, tozonsa ba ya tashi. Kwano tara nawa kilo 23 da giram 850 ne, nasu kilo 20 da giram 250. Kilo uku da rabi da ɗoriya suka ɓata tun kafin a hura wuta. Idan an raba, roba talatin ke nan, kusan daidai abin da ya gaza. Na zauna ina kallon lissafin, raina ya yi sanyi, ko ba komai na san ba a hannun yarana abin ya salwanta ba. Da har na fara zargin ɗaya daga cikinsu a zuciyata, Allah Ya yafe min.

Daga nan na gane abin da nake ba kowane mutum ɗanye: kusan giram 120.

Asabar, 11 ga Janairu

Gwangwanin madara. A shafe giram 135, da tozona giram 160. Kwanona yana cin gwangwani sha shida da rabi.

Na kira yaran biyu da ƙanwata, kowa ta ɗebi gwangwani goma daga buhu ɗaya. Ƙanwata kilo 1 da giram 640, hannunta a sake yake kamar nawa. Babbar yarinyar 1 da 520. Ƙaramar 1 da 410, domin ita tana girgiza gwangwanin kafin ta juye, tozon ya zube. Buhu ɗaya, gwangwani ɗaya, bambancin giram 230 a ɗiba goma. Dama na daɗe ina mamakin yadda in ƙaramar ce ta ɗora tukunya shinkafar take yin ruwa. Ruwan daidai take sawa, shinkafar ce ba ta kai ba.

Talata, 14 ga Janairu

Babu aiki. Na jera robobi na rubuta sunan kowace shinkafa a jiki.

Alhamis, 16 ga Janairu

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Na haɗa kwano ɗaiɗai na iri huɗu: jamila da wani ɗan'uwan Maigida ya kawo daga Kura, farar shinkafar tuwo, basmati, da 'yar gwamnatin da nake da ita. Duk da kwanona na auna, da hannuna.

Ta tuwo ce ta fi nauyi, kilo 2 da giram 720, saboda karyayyu sun yi yawa a cikinta, ƙananan suna shigewa tsakanin manya su cike gurbi. 'Yar gwamnati 2 da 650. Jamila 2 da 560. Basmati ce ta ƙarshe, 2 da 400, dogayen ƙwayoyin nan suna gicciye juna su bar iska a tsakani. Wato wanda ya ce maka "kwano ɗaya" bai gama magana ba sai ya faɗi na wace shinkafa.

Jamilar kuma sai an tsince an rege. Na tsince kilo ɗaya a faranti ina zaune a rana, tsakuwa da ƙaiƙayi da baƙin ƙwaya suka tashi giram 28. Ba yawa a kilo ɗaya, amma a buhu ya kusa kilo ɗaya da rabi. Daga yau in ta gida zan dafa, zan ƙara giram 30 a kowane kilo.

Kuɗin gwajin yau: jamila kyauta, ta tuwo 3,900, basmati ban ma son tunawa. Zan dafa wa Maigida ita ranar Juma'a don kada a ce asara ce.

Lahadi, 19 ga Janairu

Auki. Na dafa kilo ɗaiɗai a tukunya ɗaya a kan gas, ɗaya bayan ɗaya, na auna bayan ta tsane. 'Yar gwamnati da ruwa lita 2 ta koma kilo 2 da giram 700. Jamila da na sa mata lita 2 sai ta yi laushi, ta fara kama juna. Sabuwa ce, ta damunar da ta wuce, ba ta gama bushewa ba, ba ta shan ruwa kamar wadda ta kwana biyu a sito. Na sake da lita ɗaya da rabi ta yi warawara, amma nauyinta ya tsaya 2 da 350. Wannan ne dalilin da Goggo take cewa sabuwar shinkafa daɗi gare ta amma ba ta riƙe biki.

Gidan yau kowa shinkafa ya ci safe da rana da dare. Maƙwabta ma sun samu.

Asabar, 25 ga Janairu

Aiki na farko da sikeli, kuma na sha kashi.

Suna ne, roba 60, fara da miya. Na rubuta wa babbar yarinyar a takarda: shinkafa kilo 7 da giram 200, ruwa lita 11 da rabi. Na tafi Yankaba sayen kayan miya da sassafe, na bar mata. Da na dawo tukunya tana kan wuta, na buɗe na ga ruwa yana yawo a sama alhali shinkafar ta riga ta nuna. Na tambaye ta ko ta bi takarda, ta ce wallahi Anti ko giram ɗaya ban ƙara ba. Na ce nuna min yadda kika yi. Ta ɗauko roba ta ce, "Na wanke ta tas, na tsane a kwando, sannan na auna."

Nan take na ɗebi kilo ɗaya busasshe na wanke na tsane na ɗora. Kilo 1 da giram 150. Wato abin da ta auna a matsayin kilo 7 da 200, shinkafar gaskiya a ciki ba ta wuce kilo 6 da giram 260 ba, sauran ruwa ne. Shinkafa ta ragu da kusan kilo ɗaya, ruwa ya ƙaru da kusan lita ɗaya, ta kowane gefe an cuce ta.

Muka sauke da sauri, muka kwashe ta sama muka baza a manyan farantai ta sha iska. Ta ƙasa ta caɓe, ba ta shiga robar mutane, almajirai suka tafi da ita. Roba 51 muka samu. Na ɗora kilo ɗaya da rabi a gas, muka kai abincin da jinkirin minti arba'in. Asara: shinkafa kusan 2,300, gas, da kuɗin adaidaita na biyu 1,500.

Ban yi mata faɗa ba, laifina ne. Da kwano babu mai aunawa bayan wanki, domin daga buhu ake ɗiba kai tsaye. Sikelin ne ya zo da wannan tarkon, ni kuma ban rubuta "busasshiya" ba. Yanzu na rubuta da jan biro a saman kowane shafi.

Laraba, 29 ga Janairu

Na sayi buhu a wurin wani mai shago, 78,000, an rubuta kilo 50 a jiki. Na ce bari in gani. Na yi ta ɗiba kilo biyar-biyar ina juyewa a durom. Tara suka cika, na goma ya tsaya a kilo 3 da giram 300. Buhun kilo 48 da giram 300 ne. Da na duba ɗinkin bakin, zaren ba irin na gindin ba ne, an farke an sake ɗinkewa.

Kilo ɗaya ya kama 1,560, saboda haka an ci min naira 2,650 da 'yan kai, abincin mutum goma sha huɗu. Na koma da buhun da babu komai na nuna masa zaren. Ya rantse shi ma haka aka sauke masa, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Ya ba ni rabin kwano ya ce in yi haƙuri. Na karɓa. Abin da yake damuna shi ne shekara nawa na yi ina sayen irin wannan ban sani ba. Buhu mai cika ya kamata ya ba ni kwano goma sha tara saura kaɗan. Na sha samun sha takwas, in ce hannuna ne ya yi yawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sikelin rataya, mai ƙugiya, 6,000. Zan riƙa tafiya da shi a jaka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Goggo ta zo wuni. Tun da ta ji labarin sikelin take min dariya, wai shekara arba'in tana ciyar da unguwa ba ta taɓa tambayar ƙarfe ba. Na ce yau za ki gani da idonki.

Na ɗora roba na danna sifili, na fara zubawa har ya nuna 5.00. Na ce, "Goggo, ga kilo biyar, abincin mutum arba'in da ɗaya." Tana kishingiɗe a tabarma, ko tashi ba ta yi ba, ta leƙa ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ko kwano ɗaya bai cika ba. Mutum arba'in ɗin 'yan tsana ne?"

Na buɗe baki zan yi musu, sai na kalli robar. Gaskiyarta. Kilo biyar ya kusa kwano biyu, wannan kuwa ko rabin roba bai kai ba. Na duba gilashin sikelin da kyau, a gefen lambar maimakon kg sai na ga lb. Autana ya yi wasa da maballin ya mayar da shi awon fam, irin wanda ake yi a Amurka. Fam ɗaya giram 454 ne, biyar ɗin kilo 2 da giram 270. Da ranar aiki ce, kuma yaran ne su kaɗai, da abin da ya faru a Disamba wasa ne.

Goggo ta gyara ɗankwali ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Har ta tafi tana maimaitawa. Na liƙe maballin da salatif. Na kuma ƙara layi a littafin: a gefen kowane nauyi zan rubuta kimanin kwano nawa ne, domin mai aunawa ta san abin da ya kamata idonta ya gani.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Gishiri giram 12 a kilo ɗaya in fara ce. In dafa-duka ce giram 8, tunda ga dunƙulen magi. Mai, kwata lita a kilo biyu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Biki, roba 250, dafa-duka. Kilo 30, tukunya uku, goma-goma, a kan itace.

Abin da na tabbatar a makon nan kafin bikin: ruwa ba ya bin shinkafa ƙafa da ƙafa. Kilo ɗaya yana son lita 2 a ƙaramar tukunya, amma kilo goma ba ya son lita 20. Ruwan da yake tashi tururi ya danganta da faɗin bakin tukunya da daɗewarta a wuta, bai damu da yawan abin da ke ciki ba, don haka a babbar tukunya kason da ke ƙonewa kaɗan ne. Na gwada ranar Laraba da lita 16 ya yi daidai. Kuma a dafa-duka markaɗen tumatir da romon nama duk ruwa ne, dole a cire su daga lita 16 ɗin. Yau romo lita 3, markaɗe bayan ya soyu kamar lita 2, ruwa 11.

Roba 250 suka cika, aka samu ragowar da ta ishi yara da masu wanke-wanke. Tukunya ta uku ta ɗan kama, itacen gefen ya fi ci, wannan kuma babu sikelin da zai gyara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Batir ya mutu ana tsakiyar awo. Kafin ya mutu ma lambobin sun yi ta rawa, 4.8, 5.1, 4.9. Babu batir a shagon kusa sai da aka je titi.

Wannan ya sa na yi abin da Maigida ya yi ta min tsiya a kai. Na samo farin bokiti mai haske, na auna kilo 5 na 'yar gwamnati na zuba, na girgiza ta kwanta, na ja layi da fentin farce a jikin bokitin. Na ƙara biyar na ja na kilo 10. A ɗaya gefen na yi wa jamila nata layin da wani launi, ya ɗan fi tsawo. Ya ce, "Kin kashe dubu goma sha biyar kin dawo kan mudu." Haka ne, amma wannan mudun ba shi da tozo, kuma kowa ya zuba layi ɗaya zai tarar. Sikelin zai koma na duba buhu da na sabuwar shinkafa in ta shigo.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Wani bawan Allah ya ba ni aikin abincin buɗa-baki na sadaka, roba 150 kullum har ƙarshen azumi, a kai masallacin unguwarsu. Da can sai in ce a kawo buhu goma sha biyu in ya ragu a gani. Yau a gabansa na buga: ƙaramar roba ce, giram 110, kilo 16 da rabi a rana, buhu ɗaya duk kwana uku, buhu goma ko da wata ya cika talatin. Ya kalle ni ya ce, "Hajiya, kin tabbata?" Na ce in dai buhunan sun cika.

Mun je tare da direbansa, na rataya kowane buhu. Ƙugiyar ba ta son nauyin, sai da muka riƙa raba buhu biyu a wani buhun. Masu shago suna ta kallo. Takwas sun cika, biyu an canza mana ba gardama.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Tukunya biyu, kilo 8 da kwata kowace, ruwa lita 13 da rabi kowace tukunya. Roba 150, ragowar ludayi huɗu.

Juma'a, 7 ga Maris

Lafiya lau. Buhu na uku aka buɗe yau.

Laraba, 12 ga Maris

Zazzaɓi ya kwantar da ni tun jiya. Yaran suka yi su kaɗai da bokiti da littafi. Ƙaramar ta kawo min roba ɗaya ɗaki bayan magariba in ɗanɗana. Gishiri ya ɗan yi ƙasa, ta ce tsoro ta ji tunda ba halin ɗanɗanawa da azumi a baki. Na ce gobe ta auna shi a sikeli ta daina tsoro. Adadi dai 150 cif.

Talata, 18 ga Maris

Zafi ya shigo sosai. Buhu na shida da muka buɗe shekaranjiya ya fi na baya shan ruwa, sai da aka ƙara kusan lita ɗaya a kowace tukunya, da alama tsohuwa ce. Na rubuta: duk sabon buhu a fara dafa gwangwani biyu a gani.

Asabar, 29 ga Maris

An ga wata, gobe Sallah. Azumi 29, kilo 478 da rabi a lissafi. Abin da ya rage a buhu na goma na rataya shi, kilo 19 da giram 600, lissafi kuma ya ce 21 da rabi. Kusan kilo biyu sun tafi a zubewa da cikon hannu cikin wata guda. Na mayar wa mai sadaka ragowarsa, ya ce a raba wa yaran.

Da yamma Goggo ta aiko da ƙaramin mudunta na ƙarfe, wanda ba ya fitowa sai zakkar fidda-kai, mudu huɗu kan kowane mutum, wato sa'i ɗaya. Da shi muka fitar ta gidan nan kamar kullum, sa'i awo ne na cikin mazubi, ban sa sikeli a ciki ba. Bayan an gama dai na kasa haƙuri, na ɗora na mutum ɗaya: shinkafa kilo 2 da giram 400. Na gwada masara da mudun, ba ta kai haka ba. Na rubuta a shafin baya, ban gaya wa Goggo ba.

Bayan Sallah sai wake, domin shinkafa da wake har yanzu da ido nake haɗawa, sannan geron kunu. Ina buƙatar bokiti biyu, da batir na ajiya, kuma fentin layin kilo 10 ya fara gogewa.